Albasata Goma Sha Biyu da Injin Garba

Ko zan manta da ranar da aka ba ni takardar kama aiki, ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauro albasa goma sha biyu a bayan babur daga Gwandu har Kalgo don in kunyata abokina ba. Furfura ta gama cinye kaina yanzu, amma har yau in aka jefa albasa a tukunya ƙamshinta ya bugi hancina, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

A ƙarshen shekarun tamanin ne, muna cikin jihar Sakkwato, ba a kai ga yanke mana Kebbi ba. Ni ne malamin kimiyya a wata sakandare a Gwandu, kuma duk unguwarmu ba mai kirana da sunan yanka, sai Malam Kimiyya. In wata ya yi husufi, ni ake tambaya. In rediyon wani ta ɗauke, ni ake fara kawo wa (ba na iya gyarawa, amma ina iya bayanin abin da ya kashe ta da Turanci, mai ita ya tafi cike da gamsuwa ya kai wa mai gyara). Ba ni da gona, ba ni da shanu, gidan ma na gado ne. Wannan sunan shi ne dukiyata, kuma ina ji da shi fiye da yadda ya kamata.

Garba kuwa tare muka tashi, benci ɗaya muka zauna a firamare. Lissafina yake kwafa, wani lokaci har da sunana a saman takarda. A aji biyar ya haƙura da boko, aka kai shi Kalgo wajen kawunsa ya koyi walda da gyaran injin niƙa, daga baya mahaifiyarsa Inna, mai sayar da albasa, ta bi shi can. Ina son Garba ƙwarai, irin son da kake yi wa mutumin da ka tabbata har abada yana ƙasa da kai.

Wata Asabar da hantsi sai ga shi a zaurena, hannuwa duk baƙin mai, ya zaro takardar buhun siminti a naɗe ya shimfiɗa a kan tabarma. Zane ne da fensir, an goge an sake har takardar ta kusa hujewa.

"Malam, wani ɗan inji na haɗa," in ji shi. "Malamin gona ya ce in anka rubuta bayaninai da Turanci anka aika Ikko, za a ba ni takarda cewa ni ad da shi, kowa ba ya kwaikwayo sai da izinina. Na ce ai ina da mai rubuta man."

Wanda ya san albasa ya san inda ciwon yake. A wuya take fara ruɓewa, daga ciki, bayanta kuwa yana ta sheƙi. Guda ɗaya mai ruɓa in ta shiga rudu, wato rumfar da ake ajiyar albasa, sai ta ja 'yan uwanta. Shi ya sa kafin ajiya mata kan zauna wuni guda suna matsa wuyan kowace da babban yatsa, mai tauri a ajiye, mai laushi a yanke inda ya lalace a yayyanka sauran a shanya. Wannan wunin ne Garba ya mayar inji. Gwangwanayen madara ya jera a kan sarƙar keke, kowane a zaunar da albasa ɗaya wuya sama. In ta zo daidai wani wuri sai yatsan ƙarfe mai sifirin, wato naɗaɗɗiyar waya mai lotsawa ta dawo, ya sauko ya danna ta. Ta yi tauri, ta wuce. Yatsan ya nutse, sai ya saki wani maƙulli, wuƙa ta gilma ta share saman, sauran ya faɗa daro na daban.

Na gane abin tun kafin ya gama bayani, na kuma gane zai yi aiki. Nan ne wani abu ya tokare mini ƙirji. Sai na yi dariya irin ta manya.

"Garba, inji ba ya da ido. Ta yaya zai ga ruɓa?"

"Ai Inna ma ba da ido taka gani ba," ya ce. "Da yatsa taka gani. Yatsanta na auna na yi sifirin ɗin."

Na ce ya bar takardar zan duba. Na sa ta ƙarƙashin katifa, ta yi wata huɗu a nan. Ya aiko sau biyu, na ce jarrabawa ta sha mini kai. A na uku ya zo da kansa ya karɓa, har da ba ni haƙuri wai ya ɗora mini nauyi. Malamin gonar ne ya zauna ya rubuta masa.

Fiye da shekara ban ji komai ba, har hankalina ya kwanta. Sai wata rana da la'asar sakaliya, ina tsakar gida ina cin tuwo, rediyo tana shirin manoma, na ji an ambaci wani mai walda a Kalgo da gwamnati ta ba takardar mallakar ƙirƙira saboda injin tantance albasa. Matata Hajara ta saki ludayi ta rangaɗa guɗa.

"Garbanmu na! Malam, ka ji Garbanmu cikin rediyo!"

Na ce mata gishiri ya yi yawa a miyar nan (miyar da na kusa lashe kwanonta).

Daga ranar na rasa sukuni. Hassada ce, ba ta da wani suna, kuma na san ita ce tun a lokacin. In na fito masallaci a ce, "Malam, ka ji abokinka?" in yi yaƙe in ce ai abin alfahari ne gare mu duka. Wani dattijo a majalisarmu ya dube ni da zuciya ɗaya ya ce, "To kai Malam Kimiyya, yaushe za ka ƙera naka?" Bai san ya soke ni ba. Hutun makaranta gaba ɗaya na ƙare shi ina zanen nawa injin, mai aiki da hasken fitila, wanda zai ga ruɓa da ido kamar yadda ilimi ya tanada. Na cika littafi biyu da lissafi, ban ɗaura ko ƙusa ɗaya ba. Abin da ya fi ci mini rai, ni da ake kawo wa rediyo gyara jiya, yau ana ce mini, "Ko dai a kai wa Garba?"

Ana haka direban motar Kalgo ya miƙo mini wasiƙa. Rubutun Garba ne, baƙaƙen suna hawa kan juna kamar da. Ranar kasuwa za a nuna injin a gaban manoma da dillalan albasa, masu son a ƙera musu za su gani da idonsu. A ƙarshe ya rubuta: "Don Allah ka zo, akwai aikin da na aje maka." Na karanta na yi tsaki. Wato ni zan jera masa benci ke nan.

A nan Shaiɗan ya zauna kusa da ni muka yi shawara. Injin nan tauri da laushi kawai ya sani. In na sami lafiyayyar albasa na tausasa wuyanta, zai yanka ta, ni kuwa in ɗaga ta a gaban jama'a, cikinta tas, in ce ga abin da ake yabo yana ɓarnar dukiyar mutane. Kowa zai tuna cewa ilimi ilimi ne, walda walda ce.

Na hau babur na je ƙauyen Dalijan na zaɓo guda goma sha biyu daga rudun wani manomi, jajaye manya, masu tauri kamar dutse. Na jira jajiberin ranar kasuwar da rana, Hajara ta tafi suna, na shiga madafa (wurin da rabona da shi tun ina yaro). Na hura wuta da ƙyar, ruwa ya tafasa, na jera albasar a kan wani faifan kwano mai huji, wuya ƙasa, don tururi ya taɓa wuyan kawai. Na cire agogo na riƙe a hannu, kamar mai gwaji a ɗakin bincike. Minti ɗaya, na matsa, tana nan da taurinta. Minti uku, ta ɗan fara saki. Na ce bari in ƙara biyu.

Sai aka yi sallama a ƙofa.

Maƙwabcina ne, dattijo, ya dawo daga tafiya. Wanda ya san gaisuwar Gwandu ya san ba a yin ta a tsaye da ƙafa ɗaya. Ina gajiya, ina iyali, ina aiki, ina zafi, ina labarin makaranta, aka zagayo aka sake daga farko, sannan ya shiga ba ni labarin hanya. Ko da na koma, faifan ya karkace, duk goma sha biyun suna cikin tukunya suna iyo. Na tsamo su ina ƙona yatsu, na shanya a rana bayan ɗaki. Zuwa la'asar bawon ya bushe ya koma yadda yake, har ya fi sheƙi. Ni da ban taɓa dafa ko ruwan shayi ba, sai na ga ai abin ya ma fi kyau haka.

Hajara na shigowa ta tsaya ta ja hanci.

"Wa ad dahwa albasa gidan ga?"

"Gwajin makaranta ne," na ce, ban ɗago ba.

Ta dube ni, ta dubi tukunyarta.

Washegari na ci ado: babbar riga fara mai aiki, hula sabuwa, biro uku a aljihu. Na ɗaure kwando a bayan babur, na bi ta Kambaza, na ratsa Birnin Kebbi, na isa Kalgo rana ta ɗaga. An kafa rumfa a gefen kasuwa, mutane sun cika, dillalai a gaba da carbinsu, manoma a baya, mata a gefe guda. Ga injin an shafe shi da koren fenti, an haɗa shi da bel da kan injin niƙa. A kan wata kujera an jingine takardar gwamnatin cikin gilashi, da jan hatimi a ƙasanta. Kusa da ita akwai kujera ɗaya babu kowa.

Garba na hango ni ya taho da gudu ya rungume ni, ya ja hannuna ya zaunar da ni a wannan kujerar. Na durƙusa na gaida Inna, ta sa mini albarka, ta tambayi lafiyar Hajara. Da ina da sauran hankali da a nan na tura kwandon nan ƙarƙashin benci na manta da shi.

Aka tada inji. Inna ce ke zaunar da albasa a gwangwanaye, yatsan ƙarfe yana sauka yana tashi. Masu tauri suna gangarawa buhu. Can sai ka ji ƙyas, wuƙa ta gilma, malamin gona ya ɗauko yankin ya ɗaga, ga baƙin ruɓa kowa yana gani. Jama'a su ɗau kabbara. Aka yi buhu guda, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Wani babban dillali ya ce a rubuta sunansa yana son biyu. Kowace kabbara a ƙirjina take sauka.

Na miƙe, na gyara hannun riga, na yi gyaran murya.

"Jama'a, a ƙa'idar kimiyya ba a yarda da inji sai an gwada shi da kayan da ba mai shi ya zo da su ba. Ga albasa goma sha biyu, lafiyayyu, ni na zaɓo su da hannuna. In injin nan ya san aikinsa, ko ɗaya ba zai taɓa ba."

Garba ya washe baki. "Madalla! Ban hwaɗa muku ba? Malam ba ya barin abu haka nan."

Inna ta miƙo hannu za ta karɓi kwando, na janye da sauri na ce ƙa'ida ta ce mai gwaji shi ke jerawa (ƙa'idar da na ƙirƙira nan take, don na san abin da yatsanta zai gaya mata). Na jera su. Aka saki sarƙa.

Ta farko ta iso, yatsan ƙarfe ya sauko ya nutse har gindi. Wuƙa ta gilma. Amma maimakon ƙyas, sai na ji wani ɓacal. Ta biyu haka. Ta uku haka. Duk goma sha biyun ya yanka. Na ɗauko ɗaya na ɗaga sama na juya ta kowane ɓangare.

"Ku duba da kyau. Akwai ruɓa a nan? Akwai baƙi?"

Babu. Gunaguni ya tashi. Dillalin nan mai son biyu ya karkata kai yana raɗa wa na kusa da shi. Na dubi Garba, na ga fuskarsa ta faɗi, yana duban sifirin ɗinsa kamar wanda ɗansa ya yi sata a kasuwa. Shekarun da ya yi yana ƙona ido a walda suna shirin tafiya a banza a gabansa. Zan faɗi gaskiya tunda na ɗauko faɗa: daɗi na ji. Daɗi sosai. Bai kai minti ɗaya ba, amma na ji shi, kuma shi ne abin da na fi jin kunyarsa a duk ranar.

Sai wani ƙamshi ya fara zagaya rumfar, irin wanda ake ji a bakin madafa gab da azahar. Inna ta taso a hankali ta sa hannu a daro ta ɗauko guda. Ta matsa ta, ta shinshina, ta ɓare ɗan ɓangare ta kai baki ta tauna.

"Wagga ba ruɓewa tay yi ba," ta ce. "Dahwa ta anka yi."

Ta ƙara taunawa.

"Ta ko nuna. Gishiri ɗai ar rage."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Daga wajen mata ta fara, ta bi ta kan manoma, ta iso kan dillalai har carbin wani ya faɗi. Wani daga baya ya ɗaga murya, "Malam, can Gwandu a dahe kuka shibka ta?" Ni kuwa ina tsaye, hannu a sama, rabin albasa a ciki, ruwanta yana bin hannun farar rigata. Gumi ya karyo mini. Maimakon in yi shiru, sai bakina ya buɗe da kansa na ce wataƙila zafin rana ne a bayan babur. Wannan ya ƙarasa ni. Har malamin gona ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ƙasar Kalgo ta ƙi.

Garba kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya dube ni, kallon ya ɗan daɗe, na san ya gane komai, har da wata huɗun da takardarsa ta yi ƙarƙashin katifata. Na jira ya faɗa, don ya cancanci ya faɗa. Sai ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Ku tsaya, jama'a. Albasad da tat taɓa wuta, in ta shiga rudu kwana nawa taka yi?"

"Ko ukku ba ta kai," in ji wani manomi. "Ta ruɓe ta ruɓad da na kusa."

"To kun gani. Inji ya hidda ta tun ba ta yi baƙi ba. Ni kaina ban taɓa tunanin gwada shi haka ba, sai da Malam ya zo."

Bai yi ƙarya ko ɗaya ba, ku lura, ya dai zaɓi gaskiyar da za ta rufa mini asiri. Malamin gona ya zaro littafi ya rubuta. Dillalin nan ya ce a mayar da nasa uku. Wato na taso tun daga Gwandu, na ƙona yatsu, na ɓata riga, don in yi wa injin Garba talla.

Ina lallaɓawa zan zauna ya riƙo hannuna. Ya ɗauko takardar nan mai gilashi ya miƙo mini.

"Ga aikin da ni ce na aje maka. Tun da takardag ga taz zo ban bari kowa ya karanta ta gaban mutane ba. Malamin gona ya so, na ce a'a. Wanda yak koya man haɗa baƙi aji ukku, shi za ya karanta ta ya hwassara wa Inna."

Na karɓa da hannun da ke warin dafaffiyar albasa, har yatsuna suka yi shaida a gilashin. Na fara karantawa da Turancin da nake taƙama da shi, ina fassarawa layi-layi. Da na zo kan sunansa, an buga shi da manyan baƙaƙe, da sunan mahaifinsa marigayi a gefe, sai na tsaya da karatu. Hawaye suka zubo, na kasa tsayar da su. Na sa hannun riga ina gogewa, na yi 'yar dariya na ce wa na kusa, "Albasa ce."

Inna tana gefena. Ba ta ɗaga murya ba, ni kaɗai ta yi wa magana.

"Ɗana, dahwahwar albasa ba ta sa hawaye. Ƙarasa karatunka."

Na ƙarasa.

Labari ya riga ni isa Gwandu, direbobi sun kai shi. Da Hajara ta kawo tuwo sai ta tambaye ni cikin ladabi ko in gwajin makaranta ya sake tasowa in riƙa gaya mata ta sa mini gishiri. Sunan da na je karewa kuwa ya tafi, shekaru ana kirana Malam Mai Dahuwa a bayan ido, wani lokaci a gaban ido. Garba bai taɓa tayar mini da maganar ba ko sau ɗaya, kuma da ya zo yi wa injin gyara na biyu, ni ya kawo wa takardar buhun siminti. A wuni ɗaya na rubuta masa.

Abin da na koya ba shi da yawa. In ka ji wani ya yi abin kirki ƙirjinka ya tokare, ka je ka yi masa barka ka dawo gida ka sha ruwa. In kuwa ka ƙi, lallai sai ka yi mugunta, to aƙalla ka fara koyon girki, kuma kada ka kai ta gaban tsohuwar da ta ƙare rayuwarta tana matsa wuyan albasa.